Kafin Ka Ce "Sai Farmata"

Sannunku da aiki, masu gyaran kwamfuta na Dar Salam. Sannu gare ku da kuka sake ɗaga ƙofar shago a bakin Kasuwar Libiya, da ku da wuta ta cinye shagonku kuka koma kan tebur guda a ƙarƙashin rumfa, jarinku sukundireba biyu da burushi da filash a aljihu. Ina gaida 'yan Dar Salam ta Ombada a yammacin Omdurman, ina gaida 'yan takwararta ta kudancin Khartoum wajen Jabal Auliya. Ban zo jaje ba. Jaje an yi muku, kun yi wa juna har baki ya gaji. Maganar aiki na kawo, aikin da Allah ya ɗora a kan teburinku a wannan lokaci, wanda in kun sake shi babu mai ɗauka.

Tun da sojoji suka karɓe Kasuwar Libiya a ƙarshen watan Maris na 2025, suka kuma sanar ranar 20 ga Mayu cewa dakarun RSF sun fita daga jihar Khartoum, jama'a ke ta kwararowa gida. Kafin shekarar ta ƙare, hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da ƙaura ta ce waɗanda suka dawo Khartoum sun haura miliyan ɗaya. Abin da suka tarar ba sai na gaya muku ba: ƙofa a ɓalle, ɗaki wayam, har wayar lantarki an zare daga bango saboda tagullar da ke ciki. Amma ɓarawo ba ya kwashe komai. Akwai tsohuwar kwamfutar tebur da nauyinta ya cece ta. Akwai laftof da aka tura ƙarƙashin buhunan gawayi. Akwai wadda uwa ta naɗe cikin tufafin yara ta yi gudun hijira da ita har Kosti ko Gadarif, ta kuma dawo da ita ba a taɓa kunnawa ba.

Su ne ake jera muku yanzu. A danna makunni, baƙin allo ya ce BOOTMGR ya ɓata. Wata ta nuna shuɗin allo da lamba 0xc000000f ko 0xc0000225, tana kukan winload.efi. Wata ta shiga gyaran kanta, ta yi ta juyi daga hantsi har la'asar. Mai ita na tsaye, ido a kanka, kai kuma amsar da bakinka ya saba tana kan harshe: "Hajiya, wannan sai farmata." A goge komai, a zuba sabon Windows, cikin awa guda ta tashi tas, a tura maka kuɗinka ta manhajar Bankak, kowa ya kama gabansa.

Wannan amsa nake roƙon ku riƙe ta a baki tukuna.

Na san inda ta samo asali, kuma ba daga lalaci ta fito ba. Shekara ashirin cur, daga 1997 zuwa Oktoban 2017, Sudan na ƙarƙashin takunkumin Amurka. Sayen lasisin manhaja ta halastacciyar hanya ya gagari talaka, shafukan kamfanoni da dama kuma ba sa buɗuwa daga nan. Duk wanda ya koyi sana'ar a wancan zamani, a Suƙul Arabi ne ko a Omdurman, da faifan Windows da aka fasa makullinsa ya koya, wanda wani ya datse nan ya ƙara can. Irin wannan in ya lalace, kayan gyaran da ke cikinsa sukan ƙi aiki, don su ma an taɓa su. Sai farmata ta zama maganin kowace cuta, usta ya koya wa yaro, yaro ya koya wa nasa yaron. A lokacin asarar ba ta da yawa. In an goge hoton takardar fili, ta asali tana cikin akwati a gida, kwafinta yana ofishin filaye. In an goge kundin digiri, akwai bugagge a jami'a.

Yau ina akwatin? Ranar 15 ga Afrilu 2023, da yaƙi ya ɓarke, ta sauya lissafi. Ku 'yan Dar Salam ta Omdurman kun ga harin sama na Yulin shekarar, wanda hukumomin lafiya suka ce ya kashe mutum 22 a unguwarku. Ofisoshi sun ƙone, wasu an wawashe su. Ɗakin karatun Cibiyar Muhammad Umar Bashir da ke Jami'ar Ahliya ta Omdurman, ma'ajiyar littattafai da takardun tarihin ƙasar nan, ya ƙone tun farkon yaƙin. To idan jami'a ba ta iya tsirar da nata ba, ina ga mai kantin magani, ina ga shugabar 'yar makarantar unguwa, ina ga tela? Dar Salam kuwa a farkon shekarun 1990 aka kafa ta, domin mutanen da yaƙi da fari suka koro, aka kuma tashe su daga wasu sassan birni aka kawo su nan. Wanda ya ɗanɗana tashi ya san darajar takardar fili. Mai yiwuwa hoton takardar da ke kan faifan nan na hannunka shi kaɗai ya rage a duniya. Haka sakamakon jarrabawar yaro, haka lissafin bashin da 'yan unguwa suka ci a kanti, haka muryar mahaifin da aka binne a tsakar gida saboda hanyar maƙabarta ta toshe.

Mu Hausawan ƙasar nan muna da gadon da ya kamata ya sa mu riga kowa gane wannan. Kakanninmu da suka biyo hanyar gabas da niyyar Makka, tun kafin yaƙin Burmi na 1903 da kuma bayansa, lokacin da Muhammadu Bello ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya kafa Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu, sun zo da littattafai rubutun hannu, warƙa-warƙa babu ɗinki, cikin tadarishi, cikin gafaka. Tafiyar shekaru ce. Ruwa kan jiƙa wata warƙa, gara ta ci wata, wata ta faɗi a zango. Malami ba ya cinna wa littafi wuta don warƙa uku sun ɓata. Aron lafiyayyen kwafi yake yi wurin ɗan'uwa, ya jera su, ya bi layi-layi har ya gano gurbin, ya rubuta abin da ya ɓata ya mayar. Dalilinsa a fili yake: matanin ana samunsa ko'ina daga Sakkwato har Sinnar, amma sharhin da kakansa ya rubuta a gefen shafi, da ranakun haihuwar 'ya'ya da aka sa a warƙar ƙarshe, babu su a kowane kwafi. Fayilolin Windows matani ne, akwai irinsu a miliyoyin na'urori. Abin da mai kwamfuta ya ajiye shi ne rubutun gefe.

Saboda haka aikin yana farawa tun kafin a kai ga Windows. Ka tambayi mai ita: yaushe rabon da a kunna ta, a ina ta zauna, me take yi ranar da ta tsaya, me ke ciki wanda ba za a so rasawa ba. Sannan ka buɗe ta. Ƙurar habub ta shekara biyu tana cikin fanka da ramukan RAM. Ka hure, ka zare RAM ka goge ka mayar. In batirin laftof ya kumbura, cire shi kafin ka sa caji. In kana zargin RAM ɗin, ka bar MemTest86 ya zaga shi, domin lalataccen RAM yakan sa na'ura ta yi ta ƙarar fayilolin da lafiyarsu ƙalau, ya kuma ɓata sababbin da ka zuba.

Ga wani ɗan abu da nake so kowane yaron shago ya haddace. A jikin madabod akwai zagayayyen batiri ƙarami, CR2032, wanda ke riƙe agogo da saitin BIOS in an cire wuta. Na'urar da ta daɗe a ajiye, musamman in dama tsohuwa ce, sau da yawa wannan batiri ya mutu. Da ya mutu saiti ya koma na masana'anta. In an zuba Windows ɗin a kan AHCI, saitin kuma ya koma RAID ko IDE, ko akasin haka, za ta ba ka shuɗin allo mai lamba 0x7B, wai ba ta iya kaiwa ga faifai. In an zuba shi a tsarin UEFI, saitin ya koma tsohon tsari, za ta ce babu abin tashi kwata-kwata. Ko fayil ɗaya bai ɓata ba. Sabon batiri, gyaran kwanan wata, mayar da saiti, ta tashi da komai nata. Ku yi tunanin na'urori nawa aka goge a garin nan a kan batirin da bai kai kuɗin tsinken agashe biyu ba. Kwanan watan ma kada ka raina shi: in agogo ya koma shekarun baya, shafukan intanet za su ƙi buɗuwa, sabunta Windows ya ƙi tafiya, kai kuma ka shiga neman cuta inda babu ita.

Bayan wannan sai faifan ajiya, kuma nan ne ake gane usta. Fayil ba ya lalacewa haka kawai. Ko dai wuta ta ɗauke ana tsakiyar rubuta shi, ko wurin da yake kwance a faifai ya lalace, ko bairos ko hannun mutum ya taɓa shi. Na farkon ku kun fi kowa saninsa. Tun da jirage marasa matuƙa suka fara kai hari kan tashar lantarki ta madatsar Marawi a Janairun 2025, suka kuma bugi tashoshin Omdurman a watan Mayu har birni ya kwana cikin duhu, rayuwa ta koma janareta da sola da inbata, wuta na zuwa ba sallama tana tafiya ba sallama. Tsarin NTFS yana da littafin da ke taimaka masa ya daidaita jerin fayiloli bayan ɗaukewar wuta, amma ba ya lamunce abin da ke cikin kowane fayil. In wuta ta tafi Windows na tsakiyar sabunta kansa ko rubuta rajista, rabin aiki ne zai kwana a faifai. Na biyun kuwa, wato lalacewar faifan kansa, zafi ne abokin tafiyarsa. Ma'aunin JEDEC da masana'antu ke bi ya ce SSD na gida da ya ƙare ƙarfin rubutunsa ya riƙe bayanai shekara ɗaya ba wuta a zafin digiri 30. Sabo yakan wuce haka nesa, amma zafi na rage wa'adin, mu kuma a nan watan Mayu digiri 40 ba labari ba ne, balle cikin rufaffen ɗaki mai rufin kwano.

Don haka kafin ka buga kowane umarnin gyara, ka tambayi faifan lafiyarsa. Ka cire shi ka haɗa da taka na'urar, CrystalDiskInfo ya karanta maka bayanan SMART. Ka dubi layi na 05, wuraren da suka mutu aka musanya su, da C5, waɗanda ke jiran hukunci. In ka ga rawaya, ko kunnenka ya ji faifan yana ƙwas-ƙwas, ka ɗauke hannu daga chkdsk. Umarnin chkdsk /r yana tilasta wa faifai karanta kowane lungu nasa, faifan da ke gargara kuwa wannan wahala kan ƙarasa shi. Abin yi shi ne kwafe shi ɗungurungum zuwa lafiyayyen faifai da ddrescue. Ina ƙaunar wannan 'yar manhaja saboda halinta ya dace da garinmu. Tana fara kwashe wuraren da ke karantuwa da sauƙi, ta tsallake masu gardama, sai daga baya ta komo musu. Tana kuma ajiye taswirar inda ta tsaya, in wuta ta ɗauke, gobe daga nan za ta ci gaba. Kyauta ce, ba ta neman lasisi, ba ta neman intanet.

Ko da faifan lafiya lau yake, ka kwashe kayan mutane tukuna. Filash mai Ubuntu zai tayar da na'urar ba tare da ya taɓa Windows ba, ka shiga foldar Users ka kwafe. Kada ka tsaya a Desktop da Documents. Mai kantin magani yana da manhajar lissafi da ke ɓoye ma'ajiyarta a ProgramData ko cikin foldar manhajar kanta, kuma wannan fayil ɗaya ya fi masa duk sauran. Akwai kuma faifai na biyu da mutanenmu ke kira D, inda ake jibge hotunan biki. In ka tarar an kulle faifan da BitLocker, ka nemi mabuɗin nan mai lamba 48 wurin mai ita, galibi yana cikin asusunsa na Microsoft, kuma kada ka kuskura ka share TPM kana gwaje-gwaje.

Sai yanzu ka sami damar yin gyara da kwanciyar hankali, tunda ko ta ɓaci ba a yi asarar komai ba. A lafiyayyen faifai, chkdsk C: /f zai daidaita jerin fayiloli. In ya bar maka folda mai suna found.000, leƙa ta kafin ka share, wani lokaci gutsattsarin kayan mutane ne a ciki. Daga nan sai sfc /scannow, wanda ke bin fayilolin Windows ɗaya bayan ɗaya yana gwada su da na asali da ke ajiye a foldar WinSxS, ya maye gurbin duk wanda ya ɓata ko ya gurɓace. In ya ce ya ga ɓarna amma ya kasa gyara wasu, yawancin yara a nan suke karaya. Ma'anar maganar sau da yawa ita ce ita kanta ma'ajiyar ta taɓu. Maganinta DISM /Online /Cleanup-Image /RestoreHealth, sannan a sake sfc. Amma DISM a ɗabi'arsa intanet yake nufa ya ɗebo lafiyayyun fayiloli, mu kuma watan Fabrairun 2024, da layukan Zain da MTN da Sudani suka mutu aka koma layin Starlink ana biyan awa, ya koya mana kada mu jingina sana'a da abin da za a iya kashewa daga nesa. Ka riƙe ISO irin na na'urar, ka nuna wa DISM fayil ɗin install.wim ko install.esd da ke cikinsa ta hanyar /Source, ka ƙara /LimitAccess. Sai dai bugun ya zo ɗaya, Home da Home, Pro da Pro. In abin ya ƙi, amsar tana rubuce a CBS.log, cikin C:\Windows\Logs\CBS, da sunan fayil ɗin da ya gagara. Fayil ne mai tsawo, Turancinsa kuma busasshe, amma wanda ya koyi karanta shi ya bar sahun masu lalube.

Na'urar da ba ta tashi ma ana yi mata duk wannan daga filash, ta wurin gyara, sfc kuwa da /offbootdir da /offwindir. Ka dai kula, a can haruffan faifai sukan sauya, abin da ka sani C ya zama D ko E, don haka ka duba da diskpart kafin ka buga. Masu kukan BOOTMGR da winload kuwa, yawanci Windows ɗin yana nan daram, 'yan fayilolin da ke nuna hanyar zuwa gare shi ne suka taɓu. A tsohon tsari bootrec /rebuildbcd yakan isa. A UEFI, ka ba ƙaramin ɓangaren FAT32 harafi, a ce S, ka buga bcdboot C:\Windows /s S: /f UEFI, cikin daƙiƙu ya rubuta sababbi.

Gargaɗi biyu, don na ga tsofaffin bidiyo na yawo a wayoyin yara. Na farko, in rajista ce ta lalace, wato fayil ɗin SYSTEM ko SOFTWARE da ke System32\config, za ka ji ana cewa kwafo daga foldar RegBack. Tun bugun 1803 na Windows 10, a 2018, Microsoft ta daina cika wannan folda, abin da ke ciki fanko ne. Ka ɗora fanko a kan mai rauni, ka kashe shi murus. Ka nemi wurin komawa na System Restore tukuna. Na biyu, in manhaja ta ce VCRUNTIME140.dll ko MSVCP140.dll ya ɓata, kada ka je shafukan da ke raba DLL ɗai-ɗai, ba ka san wa ya dafa ba. Waɗannan na ƙunshin Visual C++ ne na Microsoft. Ka zuba shi, na x86 da na x64 duka, magana ta ƙare.

In duk an gwada Windows ya ƙi daidaita, har yanzu da sauran hanya kafin gogewa. In tana tashi ko da da ƙyar, buɗe ISO daga cikinta ka kunna setup, ka zaɓi a bar fayiloli da manhajoji. Harshen sai ya zo ɗaya: wadda aka zuba mata Windows na Larabci, ISO na Larabci take so. In ba ta tashi, ka zuba sabo a kan ɓangaren ba tare da ka goge shi ba, tsohon zai koma Windows.old da kayan mai shi a ciki, ka kwashe da wuri don Windows kan share foldar da kansa bayan 'yan kwanaki. Wanda kuma ya zo maka bayan wani ya riga ya yi masa farmata, kada ka ce masa sai haƙuri nan take. A faifai mai juyi gogewar gaggawa ba ta share abin da ke kwance, PhotoRec da TestDisk kan tono da yawa muddin ba a rubuta wani abu a kai ba. A SSD fatan ya fi ƙanƙanta, gaskiya ce, ka faɗa masa ita.

Kada wani ya sa ku ji cewa wannan ƙaramin aiki ne na bakin kasuwa. Ranar 19 ga Yuli 2024 kamfanin tsaro na CrowdStrike ya tura gurɓataccen fayil guda ɗaya, kwamfutoci kimanin miliyan 8.5 suka faɗi da shuɗin allo a lissafin Microsoft. Jirage suka tsaya a Amurka da Turai, bankuna da asibitoci suka koma biro da takarda. Me ya tashe su? Mutane irinku, suna bi na'ura-na'ura, su shiga Safe Mode, su nemo fayil ɗin su cire. Waɗancan suna da na'urar sanyaya ɗaki da wutar da ba ta ƙiftawa. Ku kuna yin irinsa da inbata mai kuka da ƙura a hanci, a kan na'urorin da ko kamfanin da ya yi Windows 10 ya daina kula da su tun 14 ga Oktoba 2025, yawancinsu kuma ba su cika sharuɗɗan Windows 11 ba. Birnin nan ba shi da kuɗin sababbi. Da waɗannan tsofaffin za a sake buɗe makarantu da ɗakunan shan magani, kuma ta hannunku za su bi.

Na ji mai cewa: "Malam, ka faɗi naka, tuwon yara fa? Farmata awa ɗaya ce, wannan naka wuni guda." Tambaya ce ta gaskiya. Amma duba, farmata duk yaron da ya kalli bidiyo biyu zai yi ta, shi ya sa kullum farashinta ƙasa yake yi. Ceton fayiloli 'yan kaɗan ne suka iya, kuma yawancin lokacin na'ura ce ke aikinta a gefe kai kana sallamar wasu. Ka raba kuɗin gida biyu, na ceto daban, na gyara daban, ka faɗa tun kafin ka taɓa, ka kuma ce ba ka yi alkawarin komai zai dawo ba. Mutumin da ya zaci ya rasa lissafin kantinsa na shekara goma ba zai yi maka cinikin tumatir ba. Labarin ustan da ya dawo wa wata baiwar Allah hotunan marigayin mijinta, a kujerun mai shayi ake fara ba da shi, kafin magariba ya zaga murabba'i uku. Wadda ba ta da abin biya kuwa, kai da zuciyarka, ban isa in yanka maka ba.

Sai amana, wadda ta fi duk umarnin da na lissafa nauyi. Faifan mutum cikinsa ne. Ka kwafe, kada ka kalla. Hoton matar wani ba abin nuna wa abokin hira ba ne, kuma muna cikin lokacin da hoto guda ko saƙo guda kan jawo wa bawan Allah tuhumar da ba zai iya wanke kansa ba. In mai kaya ya duba ya tabbatar komai ya cika, ka goge kwafin da ke wurinka a gabansa. Akwai kuma wanda zai zo da laftof bai san kalmar sirrinta ba, bai damu da abin da ke ciki ba, sauri kawai yake a goge. Kowa ya san kasuwannin kayan wawaso da jama'a suka laƙaba wa sunan Dagalo, shugaban RSF, kuma ba duk wanda ya saya ne ɓarawo ba. Kai ba alƙali ba ne, kada ka jefa kanka cikin haɗari. Amma kana iya ce masa: "Yaya, wannan faifan ya tsufa, bari in sa maka sabon SSD, za ta fi gudu." Ba ƙarya ka yi ba. Tsohon ka rubuta kwanan wata a jikinsa ka jefa durowa. Mutane na ta dawowa, cigiya ba ta ƙare ba.

Ku kuma manyan ustoci, ku buɗe hannu. Ɓoye sani a wannan lokaci asara ce har ga mai ɓoyewa, domin aikin ya fi ƙarfin hannuwan da ake da su. Unguwannin nan cike suke da matasan da yaƙi ya katse musu karatu a Jami'ar Sudan ta Kimiyya da Fasaha da Jami'ar Afirka ta Duniya da Jami'ar Musulunci ta Omdurman. Ku jawo su, har da 'yan mata. Mata da yawa sun fi sakin jiki su miƙa laftof mai hotunan iyali ga 'yar'uwarsu mace, shagon da ya gane haka ya sami kasuwar da maƙwabcinsa bai san da ita ba. Kowane shago ya ajiye littafi a kan tebur: lambar kuskure, irin na'ura, abin da ya jawo, abin da ya yi magani. Yaro ya rubuta da hannunsa, da Larabci ko Hausa ko duk wanda ya fi masa sauƙi. Kowane yaro kuma a haɗa masa filash nasa da Ventoy, a ciki akwai Windows 10 da 11 na Larabci da na Turanci, da Windows 7 saboda tsofaffin na'urorin ɗakunan gwajin jini da injinan buga takardu, da Ubuntu, da MemTest86, da ƙunshin Visual C++. Wanda ya dace da intanet mai ƙarfi yau ya sauke, gobe a zaga da filash shago-shago daga Kasuwar Libiya har ƙarshen Dar Salam, kowa ya kwafa. Sannan kada yaro ya miƙa wa mai kaya na'urarsa sai ya kunna masa System Restore, ya nuna masa yadda ake kashe ta kafin mai janareta ya rufe, ya kuma sa shi ya tura hoton takardar fili da na shaidar makaranta zuwa wayar wani ɗan'uwa da ke wani gari, yana tsaye a gaban tebur.